Daga Katsina Zuwa London, Na Je Koyon Numfashi

Katsina zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar wata Asabar na bar gidana a Katsina, ana ƙarshen damina, a cikin shekarun tamanin. Matata Hajara ta rako ni har zaure da fitilar ƙwai a hannunta, ta yi mini addu'a ta koma ciki. Kayana akwati ɗaya ne da jaka ɗaya. A cikin jakar akwai littattafan rubutu masu kauri guda shida da biro dozin guda, domin karatun gaba da digiri zan tafi, kuma a sanina karatu shi ne malami yana magana kai kana rubutawa.

Sunana Lawal. A lokacin ina koyar da ilimin halayyar ɗan'adam a wata makarantar koyon aikin jinya. An ba ni gurbin horo na wata tara a wata ƙaramar makaranta a London, kuma takardar da suka aiko ta ce za a koya mana yadda ake taimakon mai damuwar zuci ta hanyar jiki. Ban tsaya na tambayi abin da ake nufi da "ta hanyar jiki" ba. Na ɗauka maganar ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi, abin da na riga na haddace. Tun kafin in tafi abokan aikina suka fara ce mini Dakta, ni kuwa ban hana su ba.

Motar haya ta tashi daga tasha biyar da kwata. Muka yi sallah a Charanchi, muka wuce Kankiya gari na wayewa. A shingen Bichi wani ɗan sanda ya ce in buɗe jaka. Ya ɗaga littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba a rubuta komai a ciki ba.

"Ina zuwa, Malam?"

"London," na ce, da muryar da za ta kai kujerar baya.

"To can ba su da takarda ne?"

Duk motar aka yi dariya, har da direba. Muka shiga Kano takwas da rabi, bayan kilomita ɗari da saba'in da 'yan kai. Jirginmu ya tashi sha ɗaya na safe.

Gatwick zuwa Abbey Wood

Awa shida muka yi a sama, muka sauka filin jirgin Gatwick wajen biyar na yamma. Jami'in shige da fice ya duba takarduna ya buga mini izinin wata shida, ya ce in ya kusa ƙarewa in je ofishinsu na Croydon a ƙara mini.

A waje na tarar da mai masaukina, Alhaji Issaka, ɗan zangon Kumasi ne da ke tuƙin tasi a London. Ban taɓa ganinsa ba, wani mai sayar da atamfa a Kano ne ya haɗa mu ta wasiƙa. Gajere ne mai fara'a, ya karɓe akwatina da ƙarfi ya jefa a but.

"Malam, sannu da hanya. Matana ya yi waakye tun rana, yana jiranka."

Na buɗe baki zan gyara masa, in ce mace "ta" ake ce mata, sai na tuna a motarsa nake kuma a gidansa zan kwana. Daga baya na gane haka Hausarsu take, kuma na fi fahimtarsa a kan Turancin mutanen gari.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa unguwarsu, Abbey Wood. Gidan flat ne, wato sashe a benen haya na ƙaramar hukuma, a hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Hajiya Rakiya, matar Alhaji, ta zubo mini waakye ɗin, wato shinkafa da wake, da baƙin yaji mai kifi, na ci har gumi ya karyo mini. Suka ba ni ƙaramin ɗakin da take ajiye keken ɗinkinta.

Litinin, ranar farko

Jirgin ƙasa na bakwai da minti goma na hau daga Abbey Wood, ya kai ni Charing Cross cikin kusan minti arba'in. Daga nan na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa arewacin gari. Na sa kwat da taye, takalmina ya sha man goge, jakata a hammata.

Makarantar a saman wani tsohon gini take. Na hau bene na tura ƙofa, sai na ga ɗaki babba da darduma da matasai a ƙasa. Babu tebur, babu allo. Mutum goma sha uku suna zaune a da'ira babu takalmi. Na ce musu su yi haƙuri na yi ɓatan kai, ajin masu karatun gaba da digiri nake nema.

Wata dattijuwa mai furfura, siririya, cikin wando da rigar sanyi, ta miƙe ta ce da Turanci, "Kai ne Lawal? Ka zo daidai. Ni ce Margaret, ni zan jagorance ku. Cire takalmi ka samu wuri."

Lawal kawai, babu ko Malam. Na haɗiye wannan na zauna a kan matashi da kwat ɗina, gwiwoyina suna ƙara. Ta yi mana bayani a taƙaice. Ta ce baƙin ciki da tsoro ba a kai kaɗai suke zama ba, suna sauka a wuya da kafaɗa da ciki da yadda mutum ke numfashi, kuma ba za ka iya raka wani ya saurari jikinsa ba sai ka saurari naka. Saboda haka a wannan makaranta duk abin da za mu yi wa mara lafiya sai an fara yi a kanmu. Na rubuta wannan tsaf, na ja masa layi biyu.

Daga nan ta ce kowa ya kwanta rigingine ya bi numfashinsa. Na kwanta ina tunanin yadda zan bayyana wa gwamnatin jiharmu cewa ta turo ni Ingila in kwanta a ƙasa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Abin da ya tashe ni shi ne wata murya a kunnena, da Hausa tsantsa:

"Malam, tashi, minsharinka ya hana Turawa numfashi."

Na buɗe ido na ga wani dogon baƙin mutum yana danne dariya. Bitrus ke nan, ɗan Pankshin, ma'aikacin jinya a wani asibitin masu taɓin hankali a kudancin London. Shekararsa takwas a garin.

Wata na farko zuwa na huɗu

Yawancin aikin bibbiyu ake yi, kuma akwai riƙe hannu da dafa kafaɗa. Na kwana biyu ina shirya jawabin da zan yi wa Margaret a kan dalilin da ya sa ba zan yi wannan da mace ba, da hujjoji na addini da na al'ada, har da lamba ɗaya zuwa biyar. Na fara ke nan ta ce, "Ba komai, sai ka riƙa yi da Bitrus." Ta juya ta ci gaba da haɗa shayinta. Na tsaya da sauran hujjoji huɗu a baki.

Kullum da safe akan zagaya da'ira kowa ya faɗi abin da yake ji a jikinsa. Wani ya ce ƙirjinsa a ɗaure, wata ta ce kamar an ɗora mata dutse a ciki, wata ma ta fashe da kuka tun ba a tambaye ta ba. In an zo kaina sai in ce lafiya lau, mun gode Allah. Margaret ta ce, "A ina kake jin lafiyar?" In ce ko'ina. Ba a yi wata ɗaya ba 'yan ajin suka sa mini suna Mista Lafiya, don Bitrus ya koya musu kalmar.

Ban zauna haka kawai ba. Ina lura da kowa ina rubutawa: wannan tana da matsala da uwarta, wancan tsoron mutuwa ke damunsa. Littafi biyu na cika da cututtukan abokan karatuna. In an buɗe muhawara kuwa ba a kama ni, ina kawo sunayen masana da shafin littafi. Wata rana na yi minti goma ina bayani a kan fushi, Margaret ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da kake maganar nan, ka lura ka dunƙule hannu?" Na ce sanyi ne.

A ƙarshen Oktoba aka mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya. Alhaji Issaka ya gaya mini, na ɗauka zolaya ce irin wadda ake yi wa baƙo, na ce masa ni ba yaro ba ne. Ranar Litinin na yi awa guda cur a ƙofar makaranta cikin yayyafi ina jiran a buɗe.

Janairu, ofishin Margaret

Bayan hutun Kirsimeti ta kira ni ɗan ofishinta. Na zaci yabo za a yi, don ban taɓa fashi ba kuma rubutuna ya fi na kowa tsawo.

Ta ce, "Lawal, ga takardar da za ka kai Croydon, na rubuta cewa kana zuwa kullum, kuma gaskiya ne. Amma in aka ci gaba a haka ba zan sa hannu a takardar kammalawarka ba."

Na tambaye ta wane darasi na faɗi.

"Ba ka faɗi ko ɗaya ba, ba ka dai shiga ba. Wata huɗu kana kallonmu. Ka san kowa a ɗakin nan, babu wanda ya san ka. Ba na cewa sai ka yi kuka ko ka tona asirinka. Ina so sau ɗaya in tambaye ka abin da kake ji, ka duba tukuna kafin ka amsa."

A jirgin komawa Abbey Wood ban ga komai ta taga ba. Ina ta hango kaina na sauka Katsina hannu wofi, ana tambayata ina takarda, ina cewa an kayar da ni a numfashi. Da na gaya wa Alhaji Issaka, ya daɗe yana shafa gemu, ya ce, "To Malam, ka ƙirƙiro wani ciwo mana ka ba shi. Ka ce bayanka." Na gwada washegari. Na ce bayana na ciwo. Margaret ta ce, "Wane wuri?" Na nuna sama, bayan minti biyar ta sake tambaya na nuna ƙasa. Sai ta wuce kan na kusa da ni.

Croydon

Ranar wata Laraba a watan Fabrairu na tafi ƙara izinin zama. Bitrus ya ce ya ɗauki hutu a wurin aiki zai raka ni, don ya san wurin. Muka haɗu a tashar East Croydon bakwai saura, muka taka zuwa wani dogon gini. Layi ya riga ya zagaye shi: Indiyawa, 'yan Ghana, Larabawa, mata da jarirai a keke. Sanyin ranar har cikin haƙori.

Muna tsaye wajen awa biyu, fayil ɗina a hannun hagu, sai Bitrus ya ce, "Malam Lawal, in tambaye ka wani abu ba za ka ji haushi ba?"

"Tambayi."

"Hannun nan naka na dama. Tun ranar da na fara ganinka a lanƙwashe yake, manne da ciki. Ko yanzu dubi, ba ka riƙe komai ba amma kamar kana ɗauke da kaya."

Na duba. Haka yake. Na miƙe shi da sauri na ce sanyin ƙashi ne, gadonmu ne. Ya ce to. Bayan ɗan lokaci na saci kallo, hannun ya koma inda yake da kansa.

Sha ɗaya da rabi aka kira lambata. Wata jami'a ta duba takardar makaranta, ta yi mini tambaya biyu, ta buga hatimi. Muka fito muka sayi dankali soyayye da kifi a takarda muka ci a tsaye. Ni dai hankalina na kan hannuna, na kasa daina kallonsa kamar na wani.

Juma'ar da ta biyo

Aikin ranar mai sauƙi ne. Mutum ya tsaya, abokinsa ya tallafe masa hannu, shi kuma ya saki nauyin hannun gaba ɗaya. Na hagu ya saku nan take. Da Bitrus ya tallafi na dama, sai ya ƙi. Ina cewa na saki, shi yana cewa ban saki ba. Margaret ta zo ta tsaya gefe, ta ce wa Bitrus a hankali ya yi mini magana da harshenmu.

Bitrus ya rage murya. "Malam, kada ka miƙe shi. Bar shi yadda yake so. Me ka ɗauko?"

Na buɗe baki zan ce ba komai. Sai na yi abin da aka ce in yi tun watanni, na duba tukuna. Hannun ya ƙara lanƙwashewa, na hagu ma ya taso ya haɗu da shi, kuma na san nauyin. Na san shi sarai.

Na ce, "Nafisa ce."

'Yata ce ta biyu. Shekararta uku da rabi ƙyanda ta ɗauke ta, shekara uku kafin wannan tafiya. Ni na ɗauke ta a hannuna cikin likkafani daga gida har maƙabarta, kanta a gwiwar hannuna na dama, ban yarda kowa ya karɓe ni ba. Da muka dawo na tarar Hajara na kuka, na ce mata ta yi haƙuri, Allah ya karɓi abinsa, kuma kada a sake tayar da maganar a gidan nan don yana hana zuciya warkewa. Har bayani na yi mata irin na aji. Tun daga ranar sunan yarinyar bai sake fita daga bakina ba, kuma ba 'yar fari ba ce balle in fake da kunya.

Abin da ya biyo baya ba zan yi masa ado ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, da sauti, da majina, a gaban mutanen da na cika littafi biyu da matsalolinsu. Taye ɗin da na ƙi rabuwa da shi wata biyar, da shi na share hanci. Babu wanda ya ce in yi haƙuri. Bitrus bai saki hannuna ba har na gama, kuma da na gama hannun ya sauka da kansa ya rataya a gefena, yana zafi kamar an zare masa ƙaya.

Margaret ta ce, "Yanzu me kake ji?"

Na duba, na ce, "Yunwa."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. A hanyar tasha Bitrus yana ta yarfa hannunsa, ya ce, "Minti ashirin da biyar, Malam. Ka sauke naka ka bar ni da nawa ya mutu." A Charing Cross, kafin kowa ya nufi jirginsa, ya gaya mini shi ma an binne ƙaninsa bai samu zuwa gida ba, kuma a ɗakin nan ya fara faɗa. Muka yi musabaha muka rabu.

Sauran watannin

Ba zan ce na zama gwani ba. Na dai fara koyon aikin: yadda ake zama da mutum ba a cika shi da magana ba, yadda ake lura da numfashinsa in ya tsaya, yadda ake tambaya a jira amsa. Jiran nan ya fi komai ba ni wuya, domin ni mutum ne da in aka yi shiru na daƙiƙa biyar sai in ji wajibi ne in yi lacca. Sau biyar na zauna rubuta wa Hajara wasiƙa a kan teburin keken ɗinki, sau biyar ina yagawa, don duk wadda na rubuta sai ta fito kamar takardar jarrabawa. Na bari sai na koma.

A watan Yuni Margaret ta sa hannu a takardata. A wurin sharhi ta rubuta layi ɗaya, cewa na fara. Wata tara, abin da na samo ke nan, kuma ban yi gardama ba.

Komawa gida

Alhaji Issaka ya kai ni Gatwick, Hajiya Rakiya ta cusa mini kwalbar baƙin yajinta a akwati ta ce in kai wa Hajara. Muka sauka Kano da safe, na samu motar Katsina sha ɗaya, na shiga gida bayan azahar. Ranar da washegari duk na masu sannu da zuwa ne.

A rana ta uku da hantsi gida ya yi shiru. Hajara na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba, har ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Hajara, ina so mu yi maganar Nafisa."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Na ba ta labarin Croydon da na hannuna da na Bitrus, ban rage komai ba, har taye. Sannan halina ya motsa, na gyara zama na ce, "Yanzu da na ambaci sunanta, a ina kike ji a jikinki?"

Ta juyo ta fuskance ni.

"Malam, wata tara ka yi a London don a gaya maka hannunka a lanƙwashe yake? Ni na gani tun ranar da kuka dawo daga maƙabarta. Ko tuwo za ka ci, kanka kake kaiwa wurin hannun."

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Kai ne malamin halayya. Kuma kai ka ce kada a sake maganar." Ta ajiye farantin a ƙasa. "Kitson da nake zuwa gidan Yaya Binta kowace Juma'a, shekara uku, ka taɓa ganin kaina ya canja? Can nake zuwa in yi kukana in wanke fuska in dawo in ɗora maka abinci."

Ban taɓa lura ba, ko sau ɗaya. Ta fara kuka a nan tsakar gidanta, "yi haƙuri" ta taho har bakina, na mayar da ita. Na zauna na jira. Da ta lafa ta ce, "Ka tuna yadda take kiran kaza?" Na ce na tuna. Muka yi ta hirarta har rana ta take, kaji suka cinye rabin shinkafar ba wanda ya kore su.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Issaka da Hajiya Rakiya da suka riƙe ni kamar ɗan'uwa, da Margaret da ta ƙi karɓar amsar da ban duba ba, da Bitrus da hannunsa. Godiyar da ta fi girma ta Hajara ce, wadda ranar nan ta share hawaye ta ce in tashi in sayo wata shinkafar, tunda yanzu hannuna ya warke.